Kwamfuta Ta Ƙi Buɗewa Bayan Ka Sa Kalmar Sirri? Dakata, Kada Ka Yi Mata Fomatin Tukuna

Ka ɗauka daren Lahadi ne, kana ɗakinka na haya a Kazaure, gobe Litinin da safe malamin da ke duba furojet ɗinka yana jiran babi na huɗu. An kawo wuta, ka jona caja, ka kunna kwamfuta. Allon shiga ya bayyana, sunanka na nan, hotonka na nan. Ka rubuta kalmar sirri, ka danna Enter. Allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu kamar zai buɗe, sai ga shi ya dawo da kai inda ka fito. Ka sake, ya sake dawowa. Sau biyar, sau goma. Kwamfutar ba ta ce kalmar sirrin kuskure ba ce, ba ta ce maka komai ba ma. Kawai dai ta ƙi barinka ka shiga.

A nan ne yawancinmu muke tafka kuskuren da ke sa kuka. Ka ɗauki hoton allon ka jefa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji, amsar farko da za ta shigo ita ce, "Kai ta shago a yi mata fomatin kawai." Wani ƙanena haka ya yi. Da sassafe ya hau mota ya kai ta wurin wani mai gyara, aka share komai aka ɗora sabon tsari. Ya dawo da kwamfuta tas, tana gudu kamar sabuwa, amma babi uku na aikinsa da hotunan bikin yayarsa sun tafi ke nan. Da muka zauna daga baya yana ba ni labarin yadda abin ya faro, sai na gane cewa finafinai ne kawai suka cika masa wurin ajiya. Gyaran minti biyar ne ya ci masa aikin wata huɗu.

Abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, shi ne wannan: idan kwamfuta ta karɓi kalmar sirrinka sannan ta koro ka, sau da yawa ba ita ce ta lalace ba. Foldarka ta gida ce ta samu matsala, kuma kayanka na nan a ciki lafiya lau. Ba a rushe ɗaki don kwaɗo ya cije.

Me ya sa matsalar ke ƙaruwa a wajenmu?

Yankinmu ba baƙon kwamfuta ba ne. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta ta Informatics a Kazaure. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007. Ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka amince da kafa ta a 2021. Ƙara da shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da matasa fasahar zamani. Yau za ka ga yaro daga Roni ko Gwiwa da kwamfutar hannu a jaka, yana koyon rubuta manhaja ko tsaron intanet.

Galibin kwamfutocin nan kuwa na hannu ne, waɗanda suka sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Kamfanin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10, shi kuma Windows 11 yana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Shi ya sa matasa ke komawa Linux: Ubuntu, Linux Mint, da Kali ga masu sha'awar tsaro. Kyauta ne, kuma yana tafiya a kan tsohuwar na'ura ba tare da nishi ba. Wani abin sha'awa ma, Linux da Jigawa sa'annin juna ne. Ranar 25 ga Agusta, 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya sanar da aikinsa, ranar 27 ga watan kuma aka ƙirƙiri Jihar Jigawa.

Matsalar ita ce muna shiga Linux da gudu, muna kwafo umarni daga YouTube da TikTok muna liƙawa, ba mu tsaya mun fahimci tsarin gidan da muka shiga ba. Ga yawan ɗauke wuta, ga batirin da ya riga ya mutu, ga wurin ajiya ɗan ƙarami. Waɗannan ukun idan suka haɗu, ƙofa na iya rufewa a kowane lokaci.

Fahimci gidan tukuna

Ka ɗauki Linux kamar gidan haya. Akwai mai gida, sunansa root, yana da makullin kowane ɗaki. Kai ɗan haya ne, kana da ɗaki ɗaya naka. Idan sunan da kake shiga da shi dalibi ne, to ɗakinka shi ne /home/dalibi. Wannan ita ce foldar gida. A cikinta takardunka suke, da hotuna, da abin da ka sauke daga intanet. Akwai kuma ɓoyayyun fayiloli waɗanda sunansu ke farawa da ɗigo, irin su .config da .cache da .profile, su ne ke riƙe da saitin teburinka.

Allon shiga kamar zaure ne. Mai gadin zauren aikinsa biyu ne: ya tabbatar kai ne, sannan ya raka ka ɗakinka. Da zarar an shiga ɗakin, tsarin na bukatar ya karanta saitinka, ya kuma rubuta wasu ƙananan fayiloli. Idan ya tarar ɗakin ya cika maƙil, ko an sauya masa mai shi, ko ɗakin ma babu shi gaba ɗaya, sai zaman ya mutu tun bai fara ba, a dawo da kai zaure. Wannan shi ne baƙin allon da kake gani na daƙiƙa biyu.

Don haka fara da bambancewa. Idan kalmar sirri ce ba daidai ba, allon zai faɗa maka a fili. A nan sai ka duba Caps Lock, ka duba ko tsarin madannai ya sauya. Idan kuwa bai yi ƙorafi ba, ya yi baƙi ya dawo, to an gane ka, ɗakin ne ya ƙi buɗuwa.

Shiga ta ƙofar baya

Linux na da wata ƙofa da ba ta bukatar hoto ko linzami. A allon shiga, danna Ctrl da Alt da F3 a tare. A wasu kwamfutocin HP da Dell sai ka haɗa da Fn. Za ka ga baƙin allo da farin rubutu yana tambayar sunanka. Rubuta gajeren sunanka na shiga da ƙananan baƙaƙe, ba cikakken sunan da ke bayyana ƙarƙashin hotonka ba. Sannan ka rubuta kalmar sirri. Kada hankalinka ya tashi don ba ka ga taurari ko ɗigo ba, haka yake, ba ya nuna komai. Rubuta kawai ka danna Enter.

Idan ka shiga, to yi hamdala. Asusunka na da rai. Rubuta ls ka danna Enter, za ka ga Documents da Downloads da sauransu suna nan. Idan kana son komawa zaure, a Ubuntu danna Ctrl da Alt da F1, a Linux Mint kuma Ctrl da Alt da F7.

A duk misalan da ke tafe, inda ka ga dalibi ka sa naka sunan. Kuma ka kula da tazarar da ke tsakanin kalmomi, domin a nan tazara ɗaya na iya sauya ma'anar umarni.

Kafin komai, kwashe kayanka

Kada ka fara gyara sai ka fitar da abin da ba za ka iya jure rasawa ba. Soka filas, ka rubuta:

lsblk

Za ka ga jerin ma'ajiyoyi da girmansu. Filas ɗinka zai fito da suna kamar sdb1, ka gane shi ta girmansa. Sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo mount /dev/sdb1 /mnt

sudo cp -r /home/dalibi/Documents /mnt

sudo umount /mnt

Yanzu furojet ɗinka na aljihunka. Ko da komai ya ƙi, gobe za ka iya zuwa shagon buga takardu ka fitar da babinka. Daga nan sai a yi gyara da kwanciyar hankali.

Dalili na ɗaya: ɗaki ya cika

Wannan shi ne abin da za ka fara zargi, musamman idan ma'ajiyarka mai gigabait 128 ce, ko kuma ka raba ta tsakanin Windows da Linux ka ba Linux ɗan guntu. Rubuta:

df -h

Duba layin da ya ƙare da / ko /home. Idan ka ga 100%, ka kama ɓarawon. Tsarin ya nemi inda zai rubuta ɗan fayil ɗin da bai kai girman saƙon tes ba, bai samu ba. Wani abin da ke rikita mutane shi ne, tsarin ajiya na ext4 kan ware kashi 5 cikin 100 domin mai gida kaɗai. Shi ya sa kwamfutar ke iya tashi har zuwa zaure, amma kai ɗan haya ba ka da sauran wuri.

Don ganin abin da ya cinye wurin, rubuta:

du -xh -d1 /home/dalibi | sort -h

Manyan za su fito a ƙasa. Sau da yawa za ka tarar Downloads ce cike da finafinan Kannywood da na Indiya masu fassara, ko bidiyon darussan da ka sauke ranar da ka samu intanet na kyauta. Wani lokacin foldar VirtualBox VMs ce, inda kwamfutar gwaji guda ɗaya ke cin gigabait ashirin ko fiye. Akwai kuma kwandon shara. Mutane na mantawa cewa abin da ka jefa a kwando bai bar ɗakin ba, yana nan a .local/share/Trash yana cin wuri.

Kwashe finafinan zuwa filas, ko ka goge wanda ka san ba ka bukata da umarnin rm da sunan fayil ɗin. Amma ka sani, abin da rm ya goge ba ya zuwa kwando, ya tafi ke nan. Karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin ka danna Enter. Waɗannan biyun kuma ba su taɓa takardunka, suna share tarkacen tsari ne kawai:

sudo apt clean

sudo journalctl --vacuum-size=200M

Masu Linux Mint su duba Timeshift. Manhaja ce mai amfani da ke ajiye kwafin tsari don ranar tsiya, amma idan ma'ajiya ƙarama ce, kwafin kan taru har ya toshe ko'ina. Masu koyon rubuta manhaja kuma su gwada df -i. Wani lokacin wuri na nan, amma adadin fayilolin da ma'ajiyar za ta iya lissafawa ne ya ƙare, saboda dubban ƙananan fayiloli irin na node_modules. Da ka samar da gigabait ɗaya ko biyu, koma zaure ka gwada.

Dalili na biyu: mai gida ya sa kwaɗonsa a ɗakinka

Kalmar sudo na nufin "yi wannan da ikon mai gida". Da yawanmu mun mayar da ita kamar gishiri, kowane umarni sai mun barbaɗa ta. Illar ita ce, idan ka buɗe manhaja mai hoto da sudo, ko ka rubuta sudo startx saboda wani bidiyo ya ce ka yi, fayilolin da za a rubuta a ɗakinka za su zama mallakin root. Gobe idan ka zo da sunanka, sai a ce ba naka ba ne.

Wanda ya fi shahara a nan shi ne .Xauthority, ɗan fayil ɗin da ke riƙe da izinin nuna tebur a tsarin X11, wanda Linux Mint da Kali ke amfani da shi. Duba shi:

ls -l /home/dalibi/.Xauthority

Idan ka ga root root a maimakon dalibi dalibi, ga maganin:

sudo chown dalibi:dalibi /home/dalibi/.Xauthority

Sabbin Ubuntu da ke amfani da Wayland ba su dogara da wannan fayil ba, don haka idan ba ka gan shi ba, ba matsala ba ce. Duba ɗakin gaba ɗaya:

ls -ld /home/dalibi

Ya kamata sunanka ya fito, kuma baƙaƙen farko su fara da drwx, wato kana da ikon karantawa da rubutawa da shiga. Idan mallakar ta rikice, mayar da komai hannunka:

sudo chown -R dalibi:dalibi /home/dalibi

Gargaɗi babba a nan. Ka tabbata ka rubuta cikakken adireshin ba tare da tazara bayan / na farko ba. Idan ka yi wannan umarni a kan / kaɗai, ka sauya mallakar gidan baki ɗaya, kuma wannan ɓarnar ta fi wadda ka zo gyarawa nesa ba kusa ba. Haka kuma kada ka saurari mai ce maka ka yi chmod 777 a kan komai. Wannan cire ƙofar ɗaki ne gaba ɗaya don makulli ya ɓata, kowa ya shiga ya fita.

Akwai kuma tsakar gida, wato /tmp, inda kowane ɗan haya ke ajiye abin wucin gadi. Rubuta ls -ld /tmp. Daidai shi ne ka ga drwxrwxrwt, da t a ƙarshe. Idan ba haka ba ne:

sudo chmod 1777 /tmp

Wani nau'in wannan matsala na samun wanda ya sake ɗora Linux amma ya bar tsohuwar foldar gida. Tsarin ba da suna yake gane ka ba, da lamba ne. A Ubuntu da Mint, asusun farko na samun lamba 1000, na biyu 1001. Idan tsohon ɗakin na 1001 ne kai kuma yanzu 1000 ne, to a idon tsarin kai baƙo ne ko da sunan iri ɗaya ne. Umarnin id zai nuna maka lambarka, kuma chown ɗin da ke sama shi ne maganin.

Dalili na uku: ɗakin babu shi, ko ya ƙi karɓar rubutu

Wannan ya fi shafar mu masu fama da wuta. Batiri ya mutu, kwamfuta na aiki da caja kai tsaye, tana tsakiyar rubuta fayil aka ɗauke wuta ko janareta ya tsaya. Idan tsarin ya tashi ya ga alamar rauni a ma'ajiya, yakan iya kulle ta ta zama ta karatu kawai, don kada ɓarna ta ƙaru. Gwada:

touch /home/dalibi/gwaji

Idan ya amsa da "Read-only file system", to abin da ya faru ke nan. Maganinsa manhajar fsck ce, mai duba ma'ajiya ta gyara. Amma ba a yin ta a kan ɓangaren da ake amfani da shi a lokacin. Sai ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin da ka ɗora Linux da shi, ka zaɓi gwadawa ba ɗorawa ba, ka fara kwashe kayanka, sannan ka yi fsck a kan ɓangaren. Idan matsalar na dawowa bayan kwana biyu, ko kana jin ma'ajiyar na ƙara ƙas-ƙas, to tana bankwana ne. Nemi wata tun kafin ta tafi da kayanka.

Wani lokacin kuma da ka shiga baƙin allo sai ya ce bai ga foldarka ba, ya ajiye ka a /. Ka rubuta ls /home ka ga wayam. Kada ka ɗora hannu a ka. Idan foldar gida na kan wani ɓangare daban na ma'ajiya, mai yiwuwa ba a jona shi ba ne kawai. Rubuta lsblk -f don ganin ɓangarorin da doguwar lambar shaidar kowanne, sannan cat /etc/fstab don ganin abin da tsarin ke nema. Idan lambobin sun saɓa, galibi saboda an taɓa rabon ma'ajiyar ko an sauya ta, nan matsalar take. Gyaran fstab na son nutsuwa. Idan ba ka saba ba, ɗauki hoton allon biyu ka nuna wa wanda ya sani.

Haka nan idan ka sauya wa foldar suna da hannu don tsohon sunan bai yi maka ba, tsarin zai ci gaba da neman tsohon adireshin. Umarnin grep dalibi /etc/passwd zai nuna maka inda yake tsammanin ɗakinka yake. Mayar da sunan yadda yake, ƙofa ta buɗe.

Dalili na huɗu: abin da ka liƙa jiya

Tambayi kanka tsakani da Allah: me na taɓa kafin in kashe ta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan jiya kana saita Java ko Flutter ko Python, ka liƙa wasu layuka a .profile, to kuskuren baƙi ɗaya a ciki na iya kashe zaman, domin ana karanta fayil ɗin a lokacin shiga. Kada ka goge shi. Sauya masa suna, ka ɗauko na asali daga inda tsarin ke ajiye samfuri:

mv /home/dalibi/.profile /home/dalibi/.profile.tsoho

cp /etc/skel/.profile /home/dalibi/

Idan kuma ado ka ɗora wa tebur, ko wani ƙari da ka gani a TikTok, irin wannan dabarar ce. Sauya wa .config suna zuwa .config.tsoho, ka gwada shiga. Teburin zai dawo kamar sabo, amma tsohon saitinka na nan a ajiye, har da na burauza, kana iya dawo da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar ita ce: sauya suna, kada ka goge.

Gwajin da ke raba gardama

Idan duk ka duba ba ka gano ba, buɗe sabon ɗaki:

sudo adduser gwaji

Ba shi kalmar sirri, ka koma zaure ka shiga da shi. Idan ya buɗe, tabbas matsalar na cikin foldarka ce, tsarin lafiyarsa ƙalau. Idan shi ma an koro shi, to ba ɗakinka ba ne, gidan ne: ko ma'ajiya ta cika, ko /tmp, ko manhajar da ke tuƙa katin hoto, musamman na NVIDIA bayan sabuntawar da ta katse a tsakiya. Kuma tsarin na rubuta abin da ya same shi. Waɗannan za su nuna maka:

tail -n 30 /home/dalibi/.xsession-errors

journalctl -b -p err

Na farkon ba kowane tsari ke da shi ba, na biyun kuwa yana aiki a Ubuntu da Mint da Kali. Hoton wannan rubutun shi ya kamata ka tura guruf, ba hoton allon shiga da "don Allah a taimaka" ba. Mai ilimin abin zai gane cikin minti ɗaya.

Kai mai Windows fa?

Kai ma kana da ɗaki, yana C:\Users. A cikinsa akwai ɓoyayyen fayil mai suna NTUSER.DAT da ke riƙe da saitinka. Idan ya samu rauni, ko dai Windows ya ce ya kasa loda bayananka ya mayar da kai allon shiga, ko ya shigar da kai wani ɗakin wucin gadi: tebur wayam, babu fayil ko ɗaya. Nan ne mutane ke salati suna cewa an share musu komai. Ba a share ba. Buɗe C:\Users ka shiga foldar sunanka, za ka gan su. Abin kiyayewa shi ne kada ka ajiye sabon aiki a wannan ɗakin na wucin gadi, domin da ka fita za a share shi. Sake kunna kwamfutar sau biyu ko uku, sau da yawa hakan na isa. Idan ya ƙi, a buɗe sabon asusu a kwashe kayan zuwa can. Kuma idan ma'ajiyarka na kulle da BitLocker, nemo makullin ceto mai lamba 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun yau.

Idan dole sai an je shago

Ba laifi ba ne ka kai wa mai gyara, ko a nan Kazaure ko ka bi hanyar Kano. Akwai ƙwararru masu amana. Amma mai gyara na da layin mutane, kuma fomatin ya fi masa sauri a kan bincike. Kai ne ka san darajar abin da ke ciki. Ka faɗa masa da bakinka, "Malam, kada a share komai sai an kwashe min foldata." Ka je da filas ɗinka, ka tsaya a yi a gabanka, ka buɗe fayil biyu ko uku ka tabbatar sun kwafu. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi muhimmanci a gare ku: kada ki bar kwamfuta da kalmar sirrinki a hannun wanda ba ki sani ba ki tafi gida. Hotunanki da saƙonninki na ciki. Idan an gama, ki sauya kalmar.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Kada ka bari ma'ajiya ta wuce kashi 90 cikin 100. Kada ka sa sudo a gaban abin da ba ka san aikinsa ba. Idan batirinka ya mutu, ka riƙa adana aiki akai-akai, ka kashe kwamfuta da kanka kafin a kashe janareta. Ka ajiye filas ɗaya mai Linux a jaka, shi ne makullinka na biyu. Furojet kuma ya zauna a wuri uku: kwamfuta, filas, da Google Drive ko imel ɗinka. Fayil ɗin rubutu bai kai nauyin bidiyo ɗaya na TikTok ba, don haka batun data ba hujja ba ne.

Yau da daddare, tun kwamfutarka na lafiya, danna Ctrl da Alt da F3 ka shiga, ka rubuta df -h ka ga inda kake, sannan ka dawo. Ka saba da ƙofar tun ba ka bukace ta ba. Ranar da wani ɗan ajinku ya jefo hoton allonsa a guruf da ƙarfe ɗayan dare, kafin masu cewa a yi fomatin su farka, kai ka rubuta masa: "Dakata tukuna. Danna Ctrl, Alt, F3, ka gaya min me ka gani."